Na kai wa Alhaji fuskar mota Maraɗi

Jar akuya ce ta kai ni Maraɗi. Ban gan ta ba, kafin in isa an yanka ta an biya mai ita, amma dai ita ce sanadi. Ranar wata Laraba cikin Afrilu ina zaune a rumfarmu ta Ƙofar Ruwa ina fifita da guntun kwali, sai ga kiran kawuna daga can. Ya ce maigidansa ya taso daga Madarumfa da magariba, akuya ta gitta, direba ya taka birki bai samu ba. Mota ba ta ji komai ba sai ragar gaba da ta tsage gida uku. Ga ɗaurin auren ɗiyar Alhaji ranar Asabar, kuma a motar za a kai amarya. Ya turo min hoto ta WhatsApp: Lexus LX 570 baƙa wuluk, mai fuskar 2016. Na ce akwai, ta asali ma, cirar jikin mota. Ya ce to kada in kuskura in ba direban tasha, in ɗauko da kaina.

Kuɗin mutum biyu na biya daga Kano zuwa Katsina, ni kujera ɗaya, kwali kujera ɗaya. Haka daga Katsina zuwa Jibiya. A kan iyaka wani jami'i ya sa na buɗe, ya daɗe yana kallon abin, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, sannan ya tambaye ni ko ta gashin nama ce. Na ce ta mota ce, ranka ya daɗe. Ya ce lallai motar tana da baki. Daga Ɗan Isa zuwa cikin gari tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, gonaki duk an share ana jiran ruwa, iska kuwa kamar daga bakin tanda take fitowa.

Rabona da Maraɗi tun ina yaro, na manta yadda titunanta suke a miƙe, wannan ya ratsa wancan kamar an ja da igiya. Kawu ya ce ba haka tsohon garin yake ba. Can ƙasa yake a bakin gulbi, sai da ambaliyar 1945 ta cinye shi aka hau tudu aka yanka sabo. Na kuma manta cewa Hausarmu ta sana'a ba ɗaya ba ce. Abin da muke kira giril su kalandir suke cewa, bonet ɗinmu kafo ne a wajensu, kuɗi kuma da jaka ake lissafi. Na yini ina cewa "wato me?" kamar baƙauye.

Garajin da aka kai motar yana wani lungu, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Mai shi dattijo ne, mutumin Tsibiri, siriri, da tsagar Gobirawa raɗau a fuskarsa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun bazu har wajen kunne. Kowa Baba yake ce masa, ni ma na bi sahu. Ya karɓi ragar da hannu biyu, ya juya bayanta ya duba lambar da ke jiki, ya ce, "Wagga ta ƙwarai ta." Na ji daɗi. Yaransa suka cire fasasshiyar, aka kawo tawa aka kara.

Ta ƙi zama.

Sama ta hau, ƙasa ta bar rata wadda ɗan yatsa zai shige. Kunnuwan da ake ɗaure ta da su babu wanda ya dace da raminsa. Gumi ya karyo min, don a sana'armu babu abin kunya irin ka yi tafiyar ƙasa da ƙasa da kayan da ba su ba ne. Na fara rantse-rantse. Baba bai ce min uffan ba. Ya aiki yaran duka su sayo ƙanƙara, har da wanda bai kamata a aika ba, sannan ya ja ni gindin gilashin gaba ya nuna min lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka na goman shi ke faɗin shekara. Da ta 2016 ce da G za a gani. Harafin A ne a wurin. Motar 2010 ce, an sauya mata bamba da fitilu da bonet da raga, kayan kwaikwayo, aka mai da tsohuwa yarinya. Tawa ragar ta gaskiya ce, fuskar da za ta zauna a kai ce ta aro. Na leƙa bayan tambarin, inda na'urar auna tazara take zama a sabuwar, babu komai sai iska.

"Ka gani?" in ji Baba. Na ce na gani. Ya ce, "To ba ka gani ba."

Yinin Juma'a cur ya yi yana yanka ƙananan ƙarafa yana lanƙwasawa, yana ƙera mata sababbin kunnuwa. Ni kuma ina gefe a kan benci ina shan shayi mai ɗaci, ina zuba masa surutu, don ina da cutar karance-karance a waya, kuma duk abin da ya shafi gaban mota ya daɗe da zama min jaraba. Na ce masa ai wannan siffar sunanta mazari a wajen masu kamfanin, sun fara sa ta a 2012 a jikin ƙirar GS, daga nan ta bi sauran 'ya'yan gidan. Na ƙara da cewa abin ya yi daidai, tun da Lexus 'yar gidan Toyota ce, su kuwa da injin saƙa suka fara, sun kafa kamfanin masaƙa a 1926 kafin na mota ya tsaya da ƙafarsa a 1937. Ya ajiye guduma ya dube ni. Ya ce shi uwarsa da kaɗi ta rene su, ya san mazari tun yana rarrafe: tsinke ne siriri da gululu a gindi. Wannan abu mai faɗin sama, faɗin ƙasa, tsukakken ƙugu, ko makaho ya shafa ya san kalangu ne. In an matsa, turmi. Na sake kallon ragar. Tun daga ranar ban ƙara ganin mazari a gaban Lexus ba, kalangu nake gani, kuma ya dace da ita, don mota ce da ba ta iya shigowa unguwa shiru.

A nan ne ya kawo maganar da ta riƙe ni har na dawo. Ya shafa kuncinsa ya ce ai duk abin nan da nake ta bayani tsaga ce. Da can in an kama yaro a yaƙi, ko ya ɓace a kasuwa, fuskarsa ke faɗin gidansu kafin bakinsa. Maraɗi da Tsibiri ga su kusa da juna, Katsinawa nan Gobirawa can, kowa da askarsa. Ya ce mota ma haka, kana hango ta daga nesa cikin ƙura, ba ka ga rubutu ba, ba ka ji ƙarar inji ba, amma ka san 'yar gidan wane ce. Sai ya nuna LX ɗin da haɓa ya ce, "Wagga kau, wanzami ya yi mata ta gidan sarauta bayan ta tsufa."

Ranar Asabar da hantsi aka ɗaura aure. Bayan an shafa fatiha, manya suka shige rumfa, ni da Baba muka bi layin motoci da ƙafa, shi hannuwa a baya kamar mai duba shanu a kara. Land Cruiser sun fi komai yawa, farare, masu faffaɗan sanduna a kwance. Baba bai tsaya a kansu ba, ya ce waɗannan 'yan gida ne. Gaskiyarsa. Land Cruiser ɗin da ake kira V8 da LX 570 uwa ɗaya uba ɗaya suke, ƙashin bayansu ɗaya, bambancin kuɗin da ke tsakaninsu wani kaso nasa a fuska yake. Akwai LX 600 guda ɗaya, ƙirar da ta fito a 2021, wadda aka cire wa kalangun baki aka bar sanduna jeri bakwai suna shawagi tun daga bonet har kusan ƙasa. Kusa da ita tamu ta zama mai kunya. Ni dai a ganina an wuce gona da iri, gaban motar gaba ɗaya ya koma ƙyauren shago.

Gidan Mercedes ne muka daɗe a kansa, don su fuska biyu suke da ita, a ranar ma uku muka gani. Akwai ta dattako, raga mai kewayen azurfa da ɗan tauraro a tsaye bisa bonet, irin ta S-Class. Akwai ta samari, wadda aka sauko da tauraron aka ƙara masa girma aka dasa shi tsakiyar raga kamar faranti. Wannan daga motocin tsere da na gudu ta samo asali, 300 SL ta 1954 da ita ta fito, kuma tun C-Class ta 2007 mai saye ke zaɓar wadda yake so a ƙira ɗaya. Ta ukun tana jikin wata G 63 da wani yaro ya zo da ita daga Yamai, sanduna a tsaye kamar haƙoran kada. Sunanta Panamericana, sunan wani tsere ne na sama da kilomita 3,000 a Meziko, wanda Mercedes ta ci a 1952. Na ba Baba labarin cewa a wannan tseren ungulu ta faɗo ta fasa gilashin gaban motar da ta yi nasara, ta ji wa mataimakin direba rauni a fuska, sai da suka gitta ƙarafa a gilashin suka ci gaba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce ashe su ma Jamusawa suna da tasu jar akuyar, tasu dai tashi take yi.

A ƙarshen jerin, nesa kaɗan da sauran, wata tsohuwar Mercedes ce ruwan madara, irin ta shekarun 1980, ta wani tsoho da aka ce tun zamanin cinikin gujiya yake fatauci. Ragarta ba ta fi faɗin faifai biyu ba, kewayenta ƙarfe ne ba roba ba, tauraronta ya ɗan karkata. Baba ya miƙa hannu ya gyara masa zama. A wajena babu fuskar da ta kai ta kyau a filin nan, kuma na san dalili: girmanta daidai da aikinta. Asalin raga ai ba ado ba ne. A Mercedes ta farko, ta 1900, abin da ake gani a gaba lagireto ne da kansa, mai ƙananan bututu sama da 8,000 a jere kamar saƙar zuma. Daga baya aka yi masa garkuwa saboda tsakuwa, garkuwar ta zama fuska.

BMW ɗaya ce tak, X7. Na ce wa Baba waɗannan ramuka biyu ƙoda ake ce musu, kuma tun ƙirar 303 ta 1933 suke tafe da su, da can sirara dogaye. Na ce a 2019 kamfanin da bakinsa ya faɗi cewa ya ƙara wa ta 7 Series girma da kashi 40 cikin ɗari, a 2020 kuma ta 4 Series ta zazzago har wajen lamba, mutane suka yi ta surutu a duniya. Ya sunkuya ya leƙa, ya ce shi da ya ɗauka hancin raƙumi ne. "Amma in ƙoda ta, ɗana, ƙodar da ta kumbura haka likita aka kai ta." Ban iya kare su ba, don ni ma ra'ayina ke nan. Abin da na yaba musu shi ne ko sun kumbura ko sun tsuke, shekara 90 da ɗoriya har yau ba su yar da tsagar gidansu ba.

Audi ba mu ɓata lokaci a kanta ba. Raga ɗaya ce tun daga sama har ƙasa, bamba bai raba ta ba, salon da suka shigo da shi a 2004 kowa ya bi su a baya, har yanzu da ƙyar ka ga sabuwar motar da ba ta ɗan ɗebo daga nan ba. Zobba huɗun kamfanoni huɗu ne da suka haɗe a 1932. Baba ya ce mata huɗu ke nan a gida ɗaya. Na ce uku sun shuɗe, sunan ɗaya ya rage. Ya ce haka gidan yawa yake. Range Rover kuwa ragarta 'yar kaɗan ce, ba ta da wata siffa da za ka zana a ƙasa yaro ya gane, sai ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a goshi. Baba ya ce wannan ba ta da tsaga, katin ɗan ƙasa take yawo da shi.

Wani abokin ango da ke zuwa Dubai sarin kaya ya ji muna gardama, ya matso da wayarsa ya ce duk wasan yara muke, ga uwar raga. Rolls-Royce ce ya ɗauka a ƙofar wani otal. Sanduna a tsaye, da ɗan rufi mai tsini a sama, an kwaikwayo gaban wani tsohon gini ne na birnin Rum, ga 'yar mutum-mutumin nan tasu da ke bisa tun 1911, wadda a sababbin take nutsewa ciki in an taɓa ta. Ya goga hoton gaba, ga Bentley da tata kamar ragar kaza ta masu kuɗi, gadon wayar da ake sa wa motocin tserensu a shekarun 1920 don tare duwatsu. Sai na tuna rigimar 1998 na ba su. Da aka sa kamfanin da ke ƙera Rolls-Royce da Bentley a kasuwa, Volkswagen ta saye masana'anta, ta samu haƙƙin siffar ragar da mutum-mutumin, amma sunan Rolls-Royce da tambarinta suka faɗa hannun BMW a kan fam miliyan 40. Ɗaya na da fuska ba suna, ɗaya na da suna ba fuska. Dole suka zauna sulhu: Volkswagen ta riƙe Bentley, daga 2003 BMW ta ci gaba da ƙera Rolls-Royce. Kuma da ta karɓa ba ta yi gigin manna mata ƙoda ba. Baba ya ce ko bawa ka saya ba ka kankare masa aska, balle ɗan sarki.

Shi abokin angon ne ya nuna mana Tesla, gabanta a shafe sumul, ba rami ba raga. Baba ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "Jikokina ke nan." Duk cikinsu babu mai tsaga ko ɗaya, iyayensu sun ƙi, shi ma bai matsa ba. Abin da ya ɗaure masa kai, ya ce, shi ne mutane sun daina, motoci sun ɗauka da ƙarfi. Na ce abin ya fi haka ban mamaki, Baba. Na ja shi muka koma gaban X7 da LX 600 na ce ya sa ido sosai. A manyan ragogin zamani da yawa wani sashe a toshe yake ta baya, baƙar roba ce kawai aka yi wa zanen rami. Wasu kuma suna da marufai da ke buɗewa da rufewa da kansu, sai inji ya nemi iska. Kaso mai yawa na iskar da ke sanyaya lagireto ta ƙasan bamba take shiga, inda ba mai kallo. Har motocin lantarki na BMW an bar musu ƙodar, a rufe, an ɓoye kyamara da na'urori a bayanta. Wato lokacin da ramin ya fi rashin aiki, lokacin ya fi girma. Ya ce shi abin da ya sani, a watan nan na bazara motocin da ake jawo masa suna tafasa ba ƙanƙantar raga ke kawo su ba. Ƙura ce da ƙaiƙayi da fuka-fukan fara ke toshe lagireto, mai motar yana ta goge azurfar waje da tsumma, bai taɓa sa an wanke na ciki ba.

Da la'asar aka fito da amarya. LX ɗin tana gaba, an ɗaura mata furanni, kalangunta yana ɗaukar ido, ratar nan ko da allura ba ka samu. Mata na guɗa, 'yan kabu-kabu sun cika titi da ham. Babu wanda ya kalli gindin gilashi.

Da dare kawu ya shigar da ni wajen Alhaji in yi sallama. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa Allah ya sanya alheri. Ya sa aka ba ni kuɗina cif, da na mota, da ƙullin kilishi na kai wa yara. Har na yunƙura sai ya ce, "Na ji ragar ta ba ku wuya." Gabana ya faɗi. Na ce kaɗan dai, Alhaji. Ya yi murmushi ya ce, "Haka tsohuwa take in an sa mata haƙoran yarinya. Ni na sa a yi mata, injinta ya fi na sababbin lafiya." Shi ya sa ma na iya ba da labarin nan, kuma baƙaƙen Lexus a Maraɗi ba ɗaya ba ne ba biyu ba.

Washegari na tsaya garaji na yi wa Baba ban kwana, ya ba ni fasasshiyar ragar ya ce in kai Kano, ya san Kanawa ba su yar da komai. Na karɓa, don gaskiya ya faɗa, tambarin jikinta lafiyarsa lau.

Motar da na samu zuwa iyaka tsohuwa ce tukuf, mu tara a ciki ban da buhunan da ke bisa. Na zagaya gabanta don in san 'yar gidan wa zan hau, na tarar babu raga sam, babu tambari, lagireto ne tsirara an ɗaure shi da waya, fitila ɗaya ta wata mota ce daban. Na tambayi direban wace iri ce. Ya ce gaban Opel ne, injin Toyota, sauran kuma sai ya tambayi wanda ya sayar masa. Na ce ina ragar? Ya ce shi ya cire ta da hannunsa tun farkon zafi, tana gida ƙarƙashin gado, sai ruwa ya sauka zai mayar. Ya dubi kwalin da ke hammatata ya ce in na kaya ne, kuɗin mutum ɗaya zan ƙara.